Layin da Ya Kauce wa Gidan Marke

Ina neman afuwa tun kafin a yi nisa. Ni ba marubuciya ba ce, mai karanta na wasu ce kawai, kuma sau huɗu ina yage shafin farko na wannan labari. Inda aka ga na yi tuntuɓe, a yi mini uzuri a wuce. Abin da ya ba ni ƙarfin halin ɗaukar biro shi ne, a gidanmu kowa yana ba da labarin nan yadda ya ga dama, kuma a kowane baki wautata ƙara girma take yi. Gara in faɗe ta da kaina, daidai girmanta.

Sunana Mukarrama, amma a gidanmu da ke Ikara Baba ne kaɗai yake kirana haka. Sauran duk Tabarau suke ce mini, sunan da kakata Inna Lantana ta laƙaba mini tun ina aji huɗu. Ni ce irin yarinyar da idan aka aike ta sayen ƙosai, sai ya huce a hanya saboda ta tsaya karanta takardar da aka naɗe shi. Kuma ina tsoron baƙi. Da na ji sallama a ƙofa, nakan tuna cewa ina da wani aiki a bayan rumbu.

Inna ba a Ikara aka haife ta ba. A kan Dutsen Kurciya aka haife ta, can gaba da Furana, a wani ƙauye da mutanensa suka sauko tun tana amarya saboda wahalar ruwa. Yanzu kufai ne. Can kabarin mahaifiyarta yake, da ramukan da ke jikin falalen dutse inda suke daka suna 'yan mata. Tun ina ƙarama nake jin labarin ramukan nan, har na san wanda ya fi zurfi, da wanda aka yi faɗa a kansa.

Bana, bayan an gama shigo da masara, wata rana muna karin kumallo sai Inna ta ajiye ludayi ta ce tana so ta ga Dutsen Kurciya sau ɗaya kafin gwiwoyinta su gama yi mata tawaye. Baba, wanda ya shigo gaishe ta kafin ya koma zaure wajen ɗalibansa, ya sunkuyar da kai ya yi mata bayani cikin ladabi. Ya ce mashin ba ya wuce Furana da nisa, daga nan sai turbar ƙafa da duwatsu. Mai jini a jika zai je ya dawo a yini ɗaya, amma ita ko da hutawa sai ta kwana biyu a hanya. Ya ƙare da cewa idan akwai wanda zai nuna masa inda za ta kwana, da ruwan da za ta sha, da yadda za ta dawo lafiya, shi ba zai hana ba. Ya faɗi haka ne don ya san babu.

Inna ba ta ƙara ɗaukar ludayin ba. Ta zuba wa kunun ido har ya fara yin fata. Sai na ji wata murya ta ce, "Ni zan tsara." Na waiwaya in ga wace ce mai wannan ƙarfin hali, na tarar kowa ni yake kallo.

Baba ya ba ni mako biyu. Ya ce ranar Asabar ta sama Gwaggo Uwaliya, ƙanwarsa, za ta zo daga Makarfi, Baffa Uwaisu kuma daga Kudan, sai in karanta abin da na tsara a gaban kowa. Idan ya gamsu, Inna za ta tafi. Idan bai gamsu ba, an rufe maganar.

Na ari wayar yayata Wasila na shiga bincike. Ashe a wasu ƙasashe akwai mutanen da suke ɗaure gidansu a jaka, su goya a baya, su bi duwatsu kwana da kwanaki, ba don ana korarsu ba, ba kuma don za su biki ba. Na karanta dokokinsu kamar zan yi jarabawa. Babbar dokar ita ce nauyi: duk abin da ba dole ba, a bar shi a gida. Don haka na aro sikelin maƙwabciyarmu mai cincin, na auna buta, na auna dadduma, na auna bargo da tocila da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino. Na auna man zafin Inna. Da na ga jimlar ta zarce abin da masana suka ce, sai na ɗauko wuƙa na raba asuwakina gida biyu, na ajiye rabi. Sikelin bai ko motsa ba, amma ni na ji sauƙi a raina. Bayan haka na cusa littattafai uku a jakar, su kuma ban auna su ba.

Masana sun ce dole a yi tanti. Tantin da na sani shi ne na biki, mai kujeru. Sai na ɗauko tamfol ɗin da ake shanya masara, na ɗaure gefe ɗaya a igiyar shanya, ɗayan a tagar madafi, na shiga na kwanta don gwaji. Ya yi kyau na kusan minti biyar. Akuyar Umma ce ta zo ta sosa jikinta a igiyar, sai tamfol ya rufto mini. Wasila ta ce ta daɗe tana kallon abin yana motsi a tsakar gida kafin ta tuna tana da ƙanwa.

Masana sun kuma ce dole jiki ya saba. Kullum bayan sallar asuba nakan goya jakar in zagaya tsakar gida sau sittin. Kwana biyun farko kaji suna watsewa, daga baya suka daina matsawa, sai ni nake ratse musu. A rana ta biyar Umma ta kira ni gefe, ta taɓa goshina, ta tambaye ni a hankali ko in ta faɗa wa Baba ya yi mini tofi.

Aikin da na fi alfahari da shi shi ne taswira. A wayar Wasila ana ganin ƙasa daga sama, gonaki da bishiyoyi da turba kamar zare. Na zauna a ƙofar ɗakin Inna ina kwafar hanyar a babbar takarda. Daga Furana turbar takan miƙe, sai ta yi wata lanƙwasa mai nisa zuwa gabas, ta ratsa ta cikin wasu 'yan murabba'ai masu ƙyalli, sannan ta dawo gindin dutse. Inna ta matso ta tambaye ni mene ne waɗannan. Na ce rufin kwano ne, gidaje ne, amma wayar ba ta san sunan wurin ba. Ta ce ita ta sani, Gidan Marke ne. Ta daɗe tana kallon su, har fuskar wayar ta mutu na sake kunnawa.

"Tabarau," ta ce, "dole ne sai an bi ta nan?"

Ban taɓa jin daɗin tambaya irin wannan ba. Na ɗauko rula ta lissafi na ja miƙaƙƙen layi daga inda turbar ta fara lanƙwasa har gindin dutse. Na yi mata bayani cewa mun rage kilomita huɗu cur, kuma abin mamaki ne a ce mutane sun shekara ɗari suna zagaye ba wanda ya lura. Inna ta sa mini albarka, ta buɗe kwanonta ta ba ni gutsuren mazarƙwaila. Ban tuna ranar da ta taɓa yaba karatuna ba kafin wannan. Na ci mazarƙwailar ina jin kaina kamar wadda ta gano sabuwar ƙasa.

Saura wurin kwana. Masana sun ce a kafa tanti kusa da ruwa, a inuwa. A gefen layina na hango wata rijiya da kurmin bishiyoyi, nesa kaɗan da rufin kwanon nan. Na sa alama da jan biro, na rubuta: kwana na farko, da na biyu a dawowa. Wannan ban nuna wa Inna ba, na bar shi ya zama abin ba-zata.

Ranar Asabar Gwaggo ta sauka daga bas da fayafayan mazarƙwaila a kai, Baffa kuma ya zo da tasa motar, domin shi direban bas ne, shekara ashirin yana bin hanyoyin nan. Aka gaisa. Aka tambayi mutanen Makarfi gida-gida, aka tambayi na Kudan, aka tambayi rake da damina da gajiya, aka sake tambayar gajiyar. Ni ina bayan rumbu ina maimaita jawabina. Sai bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Baba ya aika a kira ni.

Na durƙusa na gaida kowa, na buɗe takarda. Na karanta nauyin kowane kaya. Na karanta lokacin tashi da lokacin hutu, da inda azahar za ta same mu. Na karanta adadin ledar ruwa. Ba wanda ya katse ni, sai na fara samun murya, har na ɗaga kai sau ɗaya. Da na zo kan layin, na ce tsohuwar hanya tana da ɓata lokaci, ni na gyara ta.

Baffa ya miƙo hannu na ba shi taswirar. Ya bi layin da yatsa, ya tsaya a kan jan biro, ya ce a ba shi wayar. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ƙara buɗawa, ya karkata kai. Sannan ya miƙa wa Baba.

"Malam, duba mini rijiyar nan. Ta wace ce?"

Baba ya duba. Gwaggo ta leƙa ta kafaɗarsa. Da farko kafaɗunta ne suka fara rawa, sai ta toshe baki da mayafi, daga nan ta kasa. Ta yi dariya har tana share hawaye. Da ta sami numfashi ta ce rijiyar Inna Sabuwa ce, bishiyoyin kuma mangwaron bayan dangarta ne.

Inna Sabuwa suna ne kawai a wurina. Na san 'yar ƙanen mahaifin Inna ce, tare suka tashi a kan dutse, kuma ita ce aka yi faɗan ramin daka da ita. Ban san a Gidan Marke take ba. Taswira ba ta faɗi wannan ba.

Gwaggo ta zayyana wa jama'a abin da zai faru. Ta ce wato zan ɗauki uwarsu, in shanya ta a ƙarƙashin tamfol kamar masara, a bayan dangar 'yar'uwarta. Da safe surukan Inna Sabuwa su fito ɗiban ruwa su tarar da tsohuwa tana alwala a gindin mangwaronsu, ba sallama, ba sannu. Ta ce kafin azahar labarin ya isa kasuwar Makarfi, kafin la'asar ya isa Kudan, ita kuma sai dai ta daina zuwa suna da biki. Baffa ya ƙara da cewa ko baƙon da ba a sani ba, in ya kwana a jeji kusa da gari, mutanen garin ne suka ji kunya, balle jini ɗaya. Ya ce lanƙwasar nan da na gyara, ai ba ɓata hanya mutane suka yi ba, gaisuwa suke zuwa. Ya tambaye ni ko a littattafan nawa ba a gaisuwa. Na ce a wasu ana yi.

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Mukarrama, wa ya ce ki kauce wa Gidan Marke?"

Na dubi Inna. Idonta yana kan carbinta, amma yatsunta ba sa ja. A nan na tuna yadda ta daɗe tana kallon rufin kwanon nan, da tambayarta, da mazarƙwailar. Duk kwanakin nan ina ɗauka basirata aka saka wa. Ban san dalilinta ba, amma na ga yadda ta ƙanƙame carbin.

"Ni ce, Baba," na ce. "Na ga ya fi kusa."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce na yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka, amma shi ba zai tura mahaifiyarsa ta raɓa ta bayan gidan dangi kamar mai gudun a gan ta ba. Tsarin da aka kawo bai yi ba, kuma an yi alkawari a kan abin da zai biyo baya. An rufe maganar.

Dariyar Gwaggo ta ɗauke. Na ji idona yana zafi a bayan gilashi. Na auna buta, na auna dadduma, na sha tamfol a ka, kuma da rula guda na hana Inna ganin kabarin uwarta. Na fara naɗe takardar, ina lissafin taku nawa ne tsakanina da rumbu.

"Ku bar yarinya," in ji Inna. "Ni na sa ta."

Ta yi maganar tana kallon tabarma. Ta ce shekara shida ke nan da mijin Sabuwa ya rasu. Da damina ne, ita kuma tana kwance da gwiwa. Baba da Baffa sun je, ita ta ce za ta bi bayansu ranar uku. Ranar uku rafi ya cika. Ta ce sai bakwai, sannan ta ce sai arba'in. Da arba'in ta wuce, sai ta ga ba ta da abin da za ta faɗa idan an tambaye ta me ya tsare ta, don lokacin gwiwar ta yi sauƙi. Ta bari sai ta sami bakin magana. Kowace shekara maganar ƙara nauyi take yi. Gwaggo ta ce ai da ta kira ko a waya ne. Inna ta ce ta'aziyyar mijin Sabuwa ba ta waya ba ce, mutumin da ya riƙe mata kaya ranar da suka sauko daga dutse. Ta ce ita dutsen ba ya ba ta tsoro, a kan sa ta koyi tafiya. Ƙofar Sabuwa ce ba ta san yadda za ta tsaya a gabanta ba.

Can Baffa ya gyara zama ya ce shi yakan haɗu da babban ɗan Inna Sabuwa a tashar Kudan, kuma duk haɗuwa sai ya ce tsohuwarsa tana tambayar gwiwar Lantana. Inna ta ɗago ta tambaye shi da wace irin murya take tambayar. Baffa ya ce wallahi wannan bai sani ba, shi saƙo ake ba shi, ba murya ba. Ya ce abin da ya sani shi ne, duk tsohon da ya hau Dutsen Kurciya a shekarun nan, a kan jakin gidan Sabuwa ya hau, don babu wani jakin a yankin da ya san turbar.

Ni a tsarina ba jaki. Na rubuta cewa Inna za ta hau da sanda, tana hutawa duk bayan minti ashirin.

Inna ta ja carbi ɗaya, ta ja na biyu. Sai ta miƙo mini hannu, na ba ta takardar, ta ce har da biron. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta nemi inda layina ya rabu da turba, ta ɗora jan biro. Ta ja wani karkataccen layi mai tudu da kwari, ya bi tsohuwar lanƙwasa, ya shiga tsakiyar 'yan murabba'an, ya tsaya a nan. Ta tura wa Baba.

Baba ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "To, Inna. Allah ya kai mu lafiya." Ya ce shi ma da shi za a je.

Daga nan tsarina ya fita daga hannuna. Gwaggo ta ce in dai za a shiga gidan Inna Sabuwa, to dole a fara kwana a Furana, gidan surukan Baffa, in ba haka ba wata sabuwar maganar ce. Baffa ya ce Inna Sabuwa ba za ta saki Inna a ƙasa da kwana uku ba, ko da faɗa ko da daɗi. Kwana ukuna suka koma biyar, kafin in ƙifta ido sun koma takwas. Umma ta ce a mayar mata da tamfol ɗinta. Aka soke ledar ruwa, aka soke garin kwaki, domin kai wa gidan mutane guzurinka zagi ne. Aka shiga lissafin tsaraba: mazarƙwailar Gwaggo, turmin atamfa, sabulu, goro, da zabi biyu masu rai. Wasila ta tambaya a ina za a zuba duk wannan. Gwaggo ta ce ai ga Tabarau da jaka, kuma an ce mako biyu tana atisaye.

Inna ta dawo daidai, har ta fara gyara wa mutane sunayen jikokin Sabuwa. A tsakiyar haka ta nuna ni da biro ba tare da ta dube ni ba, ta ce tunda ni da ita muka ja layin tare, to ranar da aka isa, ni zan shige gaba in yi sallama a ƙofar, ita tana bayana. Kowa ya ce wannan daidai ne. Ba wanda ya tambaye ni. Na tuna hannunta a kan takardar, sai na ce to. Ban tabbata an ji ba.

Baffa ya jawo jakar ya zazzage ta a kan tabarma don a ga yawan abin da za ta ci. Littattafaina uku suka faɗo, da tocila, da man zafi. Ya tsinci wani abu a cikinsu ya ɗaga sama yana juya shi, yana tambayar wane ne ya cinye rabin asuwaki. Kafin su gama miƙa wa juna shi, na tattara siket ɗina, na ja da baya a durƙushe har gefen tabarma, na miƙe a hankali na bi ta bayan rumbu. Ko kajin ba su matsa ba.